Ɗanbaba Mai Kujera da Injin Hawan Tudu

Birnin Bahia, can ƙetaren babban teku, gari biyu ne aka ɗora ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa yana bakin teku, can jiragen ruwa suke da rumbunan sukari da na taba, ga warin kifi ga na kwalta. Na sama yana bisa tudu, can masu hali suke kwana su sha iska. Tsakaninsu akwai hawa mai tsayi wanda ko alfadari sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya taka. Turawan garin kuwa ba sa hawa da ƙafarsu. Ƙafafun nasu lafiya lau suke, sai dai a ganinsu zubar da girma ne a ga mai farar fata yana haki a kan hanya. Saboda haka sai a ɗauke su a kujera.

Kujerar tana da rufi da labule, an rataye ta a jikin sanda guda mai kauri, mutum biyu ke saɓa sandar, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ɗanbaba yana cikin masu saɓa ta. Ya yi kusan shekara talatin yana wannan aiki, har kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar tafin ƙafa, ta kuma sauka ƙasa da 'yar'uwarta, ko wace riga ya sa sai ta karkace.

Mutumin ƙasar Zazzau ne, daga wani ƙauye da shi kansa daga baya ya fara shakkar ko yana nan. Yana ɗan saurayi aka kama shi a gonar dawa lokacin wani hari, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, daga Nufawa zuwa Yarabawa, har bakin wani ruwa da bai taɓa jin labarinsa ba. Abin da ya gani a cikin jirgi bai taɓa faɗa wa kowa ba, mu ma sai mu bar masa abinsa. Da ya sauka, wani limamin coci ya yayyafa masa ruwa ya ce daga yau sunansa Benedito. Ya amsa da baki, don mai bulala yana tsaye a gefe. A Itapuã, wani ƙauye a bakin teku, aka fara kai shi wajen masunta, ya yi shekaru yana jan taru, yana yankan kitsen ƙaton kifin nan da ake narka mansa a zuba a fitilun gari. Sai ubangidansa ya dubi tsawonsa da faɗin ƙirjinsa, ya ga ana asara, ya dawo da shi birni ya sa shi ɗaukar kujera.

A ƙasan hawa, gindin bangon wani coci, nan masu kujera suke zama suna saƙar malafa suna jiran fasinja. Nan ya haɗu da Idirisu. Bakano ne, gajere, kakkaura, ya girme shi da 'yan shekaru, bakinsa kuma ba ya hutawa. Ranar farko ya ji sabon zuwa yana ƙunƙuni da Hausa, ya matso ya tambaye shi garinsu. Da ya ji Zazzau sai ya bushe da dariya.

"Ikon Allah. Na ƙetare teku don in huta da ku, ashe bawana ya biyo ni."

"Kai ne dai bawan, Bakano," in ji Ɗanbaba. "Dube ka kamar turmi."

Su biyun kuwa bayi ne na gaske, kowa da mai shi, amma wasan Kanawa da Zage-zagi bai san da wannan ba. Ranar nan Ɗanbaba ya yi irin dariyar da rabonsa da ita tun gida. Kafin mako ya zagayo sun haɗa kujera ɗaya.

Aikin kujera yana da ƙa'ida, wanda ke zaune a ciki ne kawai bai san da ita ba. In za a hau, gajere ke gaba, dogo a baya, don sanda ta daidaita nauyi ya rabu biyu. In za a gangara sai a juya, dogon ya koma gaba. Wanda ya kuskura ya sa gajere ta ƙasan tudu, to ya zube masa kujera da fasinja da komai a wuya. Sannan ba a tsayawa da kaya a kafaɗa. Muddin ana tafiya sanda tana ɗan lilo, tana ba ƙashi hutu tsakanin taku da taku, amma da an tsaya cak nauyin sai ya nutse cikin gadon baya kamar ana danna turke. Shi ya sa ko gaisawa fasinja zai yi da wani a hanya, sai an dire kujera tukuna. Ɗanbaba da Idirisu sun kai inda ba sai sun yi magana ba, ta jikin sanda kowa yake jin ɗan'uwansa, ya san ya gaji, ya san ƙafarsa ta zame, har ya san ranar da ya tashi da ɓacin rai.

Da can Hausawa suna da yawa a gindin bangon nan. Sannu a hankali mutuwa ta ɗebe wasu, wasu suka fanshi kansu suka hau jirgi zuwa Ikko, 'ya'yan waɗanda suka haihu kuma suka tashi da yaren Fotugis, in ka ce musu sannu sai su tsaya kallon bakinka. Sauran baƙaƙen gari kusan kowa Yarabanci yake yi, Ɗanbaba ma da shi yake ciniki. Aka wayi gari in yana son ya faɗi magana yadda uwarsa ta koya masa, mutum ɗaya gare shi da zai ji ya mayar masa. Tare suke salla a ɓoye a ɗakin Ɗanbaba da ke bayan wani shagon igiyoyi a garin ƙasa. Tare suke azumi suna hawan tudu da wani ƙato a kafaɗa. Sun kuma riga sun yi alkawari, duk wanda ya riga cikawa ɗan'uwansa zai yi masa wanka ya sa shi a likkafani, kada a jefa shi rami da tsummar jikinsa yadda ake yi wa bayi.

Ɗanbaba ya fanshi kansa da adashen da 'yan'uwa ke yi a tsakaninsu. Idirisu ma ya zuba, kwasarsa ta zo, suka ɗauka su biyu suka kai wa uwargijiyarsa. Sunanta Dona Firmina, tana zaune a wani tsohon bene kusa da dandalin Pelourinho a garin sama. Mijinta ya mutu ya bar mata madubi da kujerun da gara ta cinye da Idirisu. Da kafaɗar Idirisu take cin abinci, da ita take sayen kyandir ta kai coci. Ko kallon abin da suka kawo ba ta yi ba. Ta ce ba za ta rabu da shi ba, wai ta ɗauke shi ɗan gida. Ɗan gidan kuwa a ƙarƙashin matakala yake kwana tare da tulunan ruwa. Tun daga ranar Ɗanbaba bai sake ce masa bawana ba, kalmar ta ƙi fitowa. Idirisu ya lura, abin ya ba shi haushi, sai ya ƙara ƙaimi yana tsokanar shi kaɗai.

Sai zamani ya fara shigowa garin da ƙarfe. Aka kafa famfuna a unguwanni, masu kai ruwa gida-gida suka fara kuka. Aka kawo fitilun gas, masu man kifi suka bi sahunsu. Aka shimfiɗa dogo a tituna, alfadarai suna jan tarago cike da mutane. Duk wannan bai tsorata masu kujera ba, don tudu yana nan daram, ba kuma alfadarin da ke da niyyar hawansa da tarago. Idirisu har cewa yake yi ranar da Bature ya ƙera ƙafa ta ƙarfe a zo a tashe shi daga barci.

A shekarar 1873 aka tashe shi. An daɗe ana fasa dutse ana haƙa rami a cikin tudun, aka ɗora hasumiya a kai. A ciki akwai ɗaki kamar akwati, injin tururi yana tura ruwa, ruwan yana ɗaga akwatin da mutane a ciki daga bakin teku har filin garin sama. Mutanen gari suka sa masa suna Farafuzo, wato ƙusa mai murɗi a yarensu. Ranar buɗewa an yi kiɗa, an harba bindiga, masu kujera suna gindin bangonsu suna kallon fasinjojinsu sun yi layi kamar tururuwa.

A faɗi gaskiya, injin ba shi da laifi. Ba ya zagi, ba ya duka, bai kuma taɓa sayen kowa ba. Abin da ke ƙona rai bakin mutane ne. Waɗanda jiya suke miƙe ƙafa a cikin kujera suna zungurar na gaba da kan lema ya yi sauri, su ne yau suka gano cewa kujera abin kunya ce ga gari mai wayewa. A jaridu suka yi ta rubutawa. Kada ka ɗauka ɗora mutum a kafaɗar mutum ne ya dame su. Ganin baƙaƙe ba takalmi suna zufa a gaban baƙin da ke sauka daga jirgi, shi ne ya dame su. Akwai wani lauya da Ɗanbaba ya riƙa ɗauka tun yana ɗan makaranta, wanda ya taɓa yin amai a labulen kujerarsu suka wanke ba su ce uffan ba, shi ne ya zo wucewa ya kawar da kai yana toshe hanci da hankici. Cikin masu rubutu da masu jawabi ba wanda ya tsaya ya tambaya, to waɗannan da muka cinye kafaɗunsu me za su ci?

Samarin cikinsu suka koma bakin jirgi ɗaukar buhu. Tsofaffi suka zauna suna saƙar malafar da ba mai saye. Wata rana a samu tsohuwar da ke tsoron injin, wata rana a samu amarya, wata rana a wuni a tashi ba a ɗaga sanda ba.

Wata safiya Idirisu ya zo ya zauna bai tsokani kowa ba.

"Lafiya, Bakano? Yau wa ya ɗinke bakin?"

"Uwargijiyata ta ce tunda kujera ta mutu, ita ba ta ajiye rago a gida. Ƙaninta yana da gonar rake a ƙetaren ruwa. Bayan Kirsimeti za ta tura ni can."

Ɗanbaba ya ajiye saƙar hannunsa. Ba sai an yi masa bayani ba. Mutumin da ya haura sittin, da gwiwar da ke kumbura duk damina, in aka sa shi saran rake da wuya ya ga kaka biyu. Can ba Musulmi, ba mai jin Hausa, ranar da ya faɗi a kunyar rake za a ja shi a rufe shi yadda ake rufe mushe. Shi kuma Ɗanbaba za a bar shi a gindin bango da harshe a baki ba wanda zai yi wa magana da shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya fara ganin teku.

"Ba inda za ka," ya ce. "In dai kujera ta riƙa kai mata wani abu, ai ba ta da hujja."

"Kujerar da ta zama abin kunya?"

"Ita ɗin."

Daga ranar ya zama kamar mai farauta. Ya bi ƙofofin coci, ya bi gidajen da ake rashin lafiya, ya tsaya bakin jirgi yana kiran baƙi da duk yaren da ya tsinta. Mutumin da a da sai an roƙe shi yake tashi, shi ne yanzu yake cire hula yana bin 'yan samari da murmushi. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, Kirsimeti kuma tana matsowa.

Ana cikin haka sai ga wani Bature mai ɗaukar hoto. Baƙo ne daga ƙetare, yana da shago a garin sama inda yake sayar wa matafiya hotunan masu talla da 'yan dako su kai gida su nuna. Ya zagaya kujerar yana shafa labule, ya ce yana son hotonta a tsakiyar hawa da hasumiya a bayanta, tsohon zamani da sabo a takarda ɗaya. In ya yi kyau, duk jirgin da ya zo zai kawo musu baƙi su zauna a ciki a ɗauke su.

Da ya tafi Idirisu ya taɓe baki. "Wato yanzu an daina hawanmu, an koma kallonmu."

"Ko kallon ne, Yaya, in dai zai hana a tura ka."

Da hantsi suka haɗu a tsakiyar hawa. Baturen ya zo da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin mayafi da wata 'yar tanti da yake shiga yana haɗa magunguna a jikin gilashi. Ya zo kuma da abokinsa, wani attajirin taba, wanda zai zauna a ciki. Allah ya yi wa mutumin nan jiki, da ƙyar ƙofar kujera ta karɓe shi. Aka ba su wasu tsofaffin kwat masu maɓallin tagulla da warin ruma suka sa. Ɗanbaba ya zo da takalminsa, wanda ya saya ranar da ya zama ɗa, don bawa ba ya sa takalmi a garin nan, shi kuma ba ya sa shi sai ranar da ke da muhimmanci. Baturen ya nuna ƙafarsa ya ce a cire, ba wanda zai sayi hoton mai kujera da takalmi. Ɗanbaba ya cire, ya ajiye a gefen hanya.

Suka juya kujera ta fuskanci sama, Idirisu ya nufi gaba yadda aka saba. Baturen ya fito da kai daga ƙarƙashin mayafi ya ce a'a, dogon ya dawo gaba, shi ya fi cika ido, gajeren ya koma baya.

Ɗanbaba ya tattaro duk Fotugis ɗin da ya iya, ya yi magana a hankali. "Maigida, a hawa dogo baya yake tsayawa. In aka sa shi can, nauyin duka a kansa zai sauka."

"Tafiya na ce ku yi? Tsayawa kawai za ku yi, ai hutu ne a wurinku."

"Tsayuwar ce ta fi wuya, maigida. Ba a tsayawa da…"

"Ni na san hoto, kai ka san ɗauka. In ba ku so, ga wasu can a zaune."

Attajirin ya leƙo daga labule ya ce zafi yana damunsa. Ɗanbaba ya ji kamar ya tuɓe kwat ɗin ya jefa musu. Idirisu ne ya kama hannunsa, ya yi masa magana da Hausa.

"Bar shi, Bazazzagi. Rake ya fi wannan nauyi. Ɗaga mu gama."

Suka ɗaga. Tun kafin sanda ta zauna Ɗanbaba ya ji kafaɗarsa sakayau, ya kuma san inda nauyin ya tafi. Bai taɓa jin sauƙin da ya ba shi kunya irin wannan ba. Baturen ya auna, ya matsar da akwati, ya sake aunawa, ya ce kada wanda ya motsa, sannan ya shige tantinsa ya haɗa gilashi. Ya fito ya buɗe idon akwatin, attajiri ya yi atishawa. Sai an sake. Ɗanbaba ya ce to a bar su su dire kafin ya shirya. Baturen ya ce a'a, ya riga ya auna wurin, in suka dire sai ya sake awo, su tsaya yadda suke. Ya koma tanti. Da ya fito gajimare ya rufe rana, ya tsaya yana kallon sama yana zagin gajimaren da yarensu.

Ɗanbaba yana gaba, ba ya ganin Idirisu, amma sanda tana gaya masa komai. Da farko ɗan rawa take yi can ƙasa-ƙasa, sannan ta fara karkarwa. Ya ɗan lanƙwasa gwiwa don ya jawo nauyi wajensa, Baturen ya daka masa tsawa ya miƙe. Ya yi magana bai motsa leɓe ba.

"Yaya, mu dire. Hoton banza ne."

"Kul," in ji muryar da ke bayansa, a shaƙe. "Kada ka soma. In ka dire ya kawo wasu."

Mutane suna wucewa suna kallo, wasu suna dariya. Sama da kansu injin yana ta huci yana kai mutane yana kawo wasu. Rana ta fito. Baturen ya buɗe ido, ya ƙirga da yarensa, ya rufe, ya ce madalla.

Suka sauke. Idirisu ya kai kujerar ƙasa a hankali, ko girgiza ba ta yi ba, don bai taɓa kayar da fasinja ba kuma bai yi niyyar farawa ranar ba. Da ya zare kafaɗa sai ya zauna a kan duwatsun hanya. Ya yunƙura ya tashi, ƙafafun suka ƙi. Ya dube su kamar na wani. Attajirin ya fito yana murza wuya, yana ƙorafin zama wuri ɗaya ya sa wuyansa ya sage. Baturen kuma ya ce a cire masa kwat kafin ƙasa ta ɓata shi.

Wasu Yarabawa 'yan dako suka taimaka aka kai Idirisu ƙarƙashin matakalarsa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya iya komai, baya kuma in aka taɓa sai ya cije leɓe. Ɗanbaba yana kai masa kunun masara safe da yamma, yana gasa masa baya da ruwan zafi da ganye, yana juya shi. Kwanaki suka wuce ba sauyi. Ɗanbaba ya je shagon Baturen, mutumin ya ce hoton bai yi kyau ba, na bayan ya yi ta rawa fuskarsa ta dagule, ya riga ya sami samari biyu da suka iya tsayawa. Ya faɗa ne yana goge gilashi, ko ɗago kai bai yi ba.

Saura abu ɗaya, roƙo. Ɗanbaba ya sa rigarsa mai kyau ya hau benen Dona Firmina, ya shirya ya durƙusa in ta kama, a bar Idirisu ya warke kafin a yi maganar ƙetaren ruwa. Abin da bai sani ba, ƙanin nata ya riga ya zo ya leƙa ƙarƙashin matakala, ya zunguri ƙafar Idirisu da sanda, ya ce ko kyauta ba zai ɗora wannan a kwalekwale ba. A nan ne Dona Firmina ta gano tana da tausayi.

Ya same ta a falo da maƙwabtanta mata biyu suna shan kofi.

"Benedito, ka zo a daidai," ta ce. "Na yi shawara da zuciyata. Saboda Allah, da kuma hidimar da ya yi wa gidan nan, na 'yanta Tome." Haka suke kiran Idirisu. "Ban karɓi komai ba. Kyauta na yi."

Ɗaya maƙwabciyar ta share ido da hankici, ta ce irin Firmina ba su da yawa.

"Kuma ɗa ba ya kwana ƙarƙashin matakalar wani," in ji Dona Firmina. "Ka tafi da shi yau, ina son a wanke wurin."

Lokacin da kafaɗar nan ke ciyar da ita aka zo da fansa a hannu ta ce ɗan gida ne. Yau da ya zama baki kawai da za a ciyar, da jikin da za a wanke, ta tuna da Allah. Ta cinye mutum tas, ta jefar da abin da ya rage, kuma tana jiran a yaba mata. Ta miƙo hannu don a sumbata, yadda al'adar garin take. Ɗanbaba ya dubi hannun, fari sol, da zobe. Zuciyarsa tana tafasa. Amma ya san in ya ɓata mata rai a gaban mutane tana iya janye maganarta, ta tura gurgun can don kawai ta nuna ita ke da iko. Ya sunkuya ya sumbaci hannun, ya ce an gode.

Abin da ya roƙa ya samu, ba za a tura Idirisu ko'ina ba. Ya sauko ya gaya masa. Idirisu ya daɗe yana kallon katakon matakala a saman kansa.

"Wato yau ni ɗa ne."

"Haka ta ce."

"To, goya ɗan mu tafi."

Ya aro zani wajen wata mai wanki, ya goya shi kamar jariri, ya ɗaure a ƙirji. Kayan Idirisu duka tabarma ce da buta da casbaha, ya riƙe su a hannu ɗaya. Tun a kan titin da yake shimfiɗe Idirisu yake nishi da kowane taku. Da suka iso filin garin sama, inda gangara ke farawa, ya matse kafaɗar Ɗanbaba.

"Tsaya. Ba zan iya gangarar nan ba. Kowane taku kamar ana soka mini wuƙa."

Ɗanbaba ya dubi gangarar, ya dubi hasumiya a gefe. Cikin su biyun ba wanda ya taɓa shiga injin. Ya juya ya bi layi. Mai ƙofa ya dube su sama da ƙasa, ya karɓi kuɗi, ya matsa. Mutanen ciki suka ja jiki gefe suna tattare riguna. Aka rufe ƙofa. Ƙasa ta ɗan girgiza, cikin Ɗanbaba ya yi sama, ya riƙe ƙafar Idirisu ya fara addu'a a zuci. Bai kai ƙarshenta ba akwatin ya tsaya, aka buɗe ƙofa, hayaniyar bakin jirgi ta shigo.

"Me ya faru?" in ji Idirisu a kunnensa. "Ya lalace ne?"

"Mun iso."

"Ina?"

"Ƙasa."

Idirisu ya ɗago kai ya leƙa ta saman kafaɗarsa. Ya ga rumbunan sukari, ya ga jirage.

"Duka tudun?"

"Duka, Yaya."

 Bakano ya mayar da fuskarsa wuyan Ɗanbaba, Ɗanbaba ya ji wurin yana jiƙewa. Ya tsaya a bakin akwatin da mutum a bayansa da tabarma a hannu, ya rasa ƙafar da zai fara ɗagawa. Mai ƙofa ya ce su yi sauri su ba da hanya, mutane suna jiran hawa.